Ɗinki da duwatsun ado a littafin zane: me ya sa takardar ke yagewa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Na fara haɗa fenti da ƙyallayen atamfa da zare da 'yan duwatsun ado a littafin zanena. Amma da na yi ɗinki sai takardar ta yage, shafuka suna mannewa da juna, littafin ma ya ƙi rufuwa. Ƙawayena kuma suna cewa wannan aikin tela ne, ba zane ba. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tushen matsalarki shi ne kina yi wa takarda irin ɗinkin da ake yi wa yadi. Yadi saƙa ne. Allura tana ratsawa tsakanin zaruruwa, in ta fita su koma wurinsu. Takarda kuwa in an huda ta an huda ta ke nan har abada. Idan hujin ya yi yawa a jere, kuma kusa da kusa, layin zai zama kamar na littafin rasit, wanda aka huhhuda da gangan don a yage shi cikin sauƙi.

Saboda haka ki fara duba takardar. Wadda ake buga takardu da ita a shagon kwamfuta nauyinta giram 80 ne a kowace murabba'in mita, ba ta ɗaukar ruwa balle zare. Ki nemi mai giram 200 zuwa sama. In da hali, ta fentin ruwa mai giram 300 ta fi kowace. In kuɗi bai kai ba, ki manne shafi biyu su zama ɗaya, ko ki je wurin tela ki sayi wannan farin yadin mai gam a bayansa, wanda suke mannawa a kwalar riga da dutsen guga. Ki manna shi a bayan shafin da dutsen guga mai ɗan ɗumi, ki shimfiɗa wata takarda a sama kada ya ƙona. Zai riƙe miki zaren ko da takardar ta so ta tsage.

Kada ki soka allura mai zare kai tsaye. Ki ɗiga wuraren da fensir, ki ɗora shafin a kan guntun soso ko kwali, ki huda su tukuna da allura tsirara. Tsakanin huji da huji ya kai milimita 4 ko 5, kuma ki bar kamar santimita 1 daga bakin takarda. Wajen jan zare a hankali, da zarar ya kwanta ki tsaya. Ƙulli a baya yana turo shafi, don haka ki bar ɗan wutsiyar zaren ki danne shi da tef na takarda. Salatif kam a'a, bayan wani lokaci yana yin ja ya bar tabo.

A nan ne 'yan Zariya suka fi faɗawa tarko, domin idonmu ya saba da aikin hannu na cikin birni. Wanda ya taso yana ganin aska takwas a ƙirjin babbar riga, ko cikakken ɗinkin hula, shi yake so ya gani a shafinsa. To wannan aikin sukar allura ce ɗaruruwa a wurin da bai fi tafin hannu ba, babu takardar da za ta jure. Ki yi shi a kan farin yadi kamar yadda masu sana'ar suke yi, ki yanko, sannan ki ɗora a shafin da ɗinki huɗu ko shida a kusurwoyi. In kuma layi mai lanƙwasa kike so, irin na dagi, ki kwantar da zare mai kauri a saman takardar, ki riƙa ɗaure shi da siririn zare nan da can. Ido zai ga dogon layi, takarda kuwa huji kaɗan ta sha.

Jerin aikin shi ne fenti, sai ƙyalle, sai ɗinki, duwatsu a ƙarshe. Jiƙaƙƙiyar takarda ba ta da ƙarfi, sai fenti ya bushe ƙayau kafin allura ta taɓa ta. Ƙyallen atamfa ki wanke shi tukuna, sitacin ya fita, ki kuma ga ko yana zuba. Rinin shuni yana goga launi a shafin da ke fuskantarsa, ki sa takarda a tsakani. Farin gam na kafintoci ya wadatar, a shafa shi siriri da burushi. Ƙullun rogo ko fulawa yana mannewa, amma gayyatar kyankyaso ce.

Duwatsu ɗinka su ake yi. Jimoh Buraimoh na Osogbo, wanda ya yi suna da zanen duwatsun ado tun shekarun 1960, manna su yake yi, amma a kan allo mai tauri da ake ratayewa a bango. Shafin littafi kullum a lanƙwashe yake, gam zai saki. Ki ɗauki ƙanana irin na jigida, uku-uku ko huɗu-huɗu a zare biyu, ki koma ta cikin na ƙarshe kafin ki ci gaba. Manya ki ajiye su don bangon littafin.

Mannewar shafuka kuwa halin fentin akirilik ne, wato fentin da ke zama kamar roba in ya bushe. Ko ya bushe, in fuska biyu masu shi suka haɗu a cikin zafi ko laimar damina sai su kama juna. Ki yi aiki a gefe ɗaya kawai na kowane buɗi, ki sa takarda mai santsi irin ta masu gasa kek a tsakiya. Da hunturu kuma wata matsalar ce: fenti yana bushewa tun yana kan burushi, takarda tana nannaɗewa. Ki riƙa matso fentin kaɗan-kaɗan, in kin gama ki danne shafin da littattafai masu nauyi ya kwana.

Don littafin ya rufu, sai kin yi asarar wasu shafuka. Bayan kowane shafi mai kauri ki yanke biyu ko uku, amma ki bar kamar santimita 2 na gindinsu a jikin ɗaurin, don baya da gaba su zo daidai. Littafi mai waya a baya ya fi haƙuri da irin wannan aikin.

Game da ƙawayenki, ki tuna musu cewa a garin nan, a 1958, ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka dage a kan cewa sai an haɗa abin da aka koyo daga Turawa da fasahar gida. A ganina ɗinkin hannu na Zazzau yana sahun gaba a cikin fasahar gidan nan. In kin samu dama ki zauna kusa da mai ɗinkin riga a cikin birni, ki lura da yadda yake zana fasalin a kan yadi kafin ya ɗauki allura, sannan ki roƙi telan unguwarku ya riƙa tara miki ƙyallayen da yake sharewa da yamma.