Amsa ga Hajiyar da ta bar alkama amma minjiryar ƙafa ta ƙi tafiya

Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Kin ce shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da aka gano miki cutar siliyak, wadda cin alkama ke lalata wa mai ita bangon hanji, a nan Jidda, kin bar alkama, gudawa da kumburin ciki sun lafa, amma tafin ƙafa bai daina minjirya da raɗaɗi ba, musamman da dare, ga mantuwa, wani lokacin har da tangaɗi. Wata shida kina shan zink da haɗin bitamin B na saidaliyya, yanzu kina tambayar me za ki ƙara a kai.

Kada ki ƙara komai tukuna. Fara ɗauko kwalin haɗin bitamin B ɗin nan ki duba layin da aka rubuta B6. Ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan maganin jijiya, da yawansu suna ɗauke da miligiram 100 zuwa 200 na B6 a ƙwaya guda, alhali abin da babban mutum ke buƙata a rana bai kai miligiram 2 ba. B6 idan ya taru a jiki shi da kansa yana lalata jijiyoyin ƙafa da na hannu, kuma alamarsa ita ce wannan minjiryar da zafin da aka saye shi dominsu. Sai mutum ya ga ciwo na ƙaruwa, ya mayar da ƙwaya ɗaya biyu, ya ƙara wa wuta fetur. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai a 2023 ta sauke iyakar B6 zuwa miligiram 12 a rana saboda wannan matsalar. In naki ya haura haka, ajiye shi har ki ga likita, sai fa idan likita ne ya rubuta miki shi tare da maganin tarin fuka. Kuma ki sani, bayan an daina, wasu kan ji abin ya ɗan tsananta na makonni kafin ya soma sauka.

Zink ma haka. Wanda ya daɗe yana shan miligiram 50 ko fiye kullum, zink kan toshe wa sinadarin jan ƙarfe hanya a hanji, wanda ake kira nuhas da Larabci a takardar gwaji. Ƙarancin jan ƙarfe yana taɓa lakar gadon baya, ya kawo sandarewar ƙafa da tangaɗi da ƙarancin jini, kamanninsa sak da na ƙarancin B12. Mai siliyak dama hanjinsa bai cika tsotsar jan ƙarfe da kyau ba, kuma ba kasafai ake auna shi ba sai an roƙa. Ki roƙa.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ne ya fi yawan zama sila: gulutin, wato sinadarin cikin alkama da ke tayar da cutar, yana ci gaba da shiga ta ƙofar baya. Lafawar ciki ba shaida ba ce. Akwai waɗanda cikinsu shiru amma jijiya na shan wahala. Wani bincike da aka yi a Italiya a 2007 ya nuna cewa miligiram 50 na gulutin a kullum na tsawon wata uku ya isa ya ɓata bangon hanji, kuma wannan ɗan gutsuren burodi ne da bai kai giram ɗaya ba. Tamis da mutabbaƙ da ma'asub da sambusa kowa ya san alkama ce. Waɗanda ake mantawa su ne harisa da jarish, shurbar azumi, kazar burost da ake turmusawa a fulawa, subiyar Hijaz da ake yi da sha'ir ko burodi, da lemukan malt na kwalba. Talbina ma daga garin sha'ir ake dama ta; tana da darajarta a wurinmu, amma mai siliyak ba zai sha ba, domin sha'ir na ɗauke da gulutin kamar alkama. A girkinmu na gida kuwa akwai semo, taliya, kuskus, alkaki, finkaso, ɗanwaken da aka sa wa fulawa, da wainar da aka ɗaure ƙullinta da ita. Wasu dunƙulen ɗanɗanon miya suna da garin alkama, sai an karanta takarda. Gero, dawa, masara, shinkafa, acha, wake, rogo duk lafiya lau ne, muddin ba a injin da ake niƙa alkama aka niƙa su ba, ba kuma a man da aka soya sambusa aka soya ƙosan ba. A kanti ki nemi rubutun "khali minal gulutin", wato gulutin ɗin ciki bai wuce kashi 20 cikin miliyan ba. Su kansu ƙwayoyin bitamin a duba su, don ana ɗaure wasu da sitacin alkama, wasu kuma da ganyen sha'ir ko yis ɗin sha'ir a ciki.

Gwajin jini na tTG-IgA, mai nuna ko garkuwar jiki na ci gaba da faɗa da gulutin, zai taimaka a nan. Bayan shekara guda ana kiyayewa ya kamata ya sauka sosai ko ya koma daidai. In har yanzu yana sama, to ga inda ɓaraka take. In ya sauka, alama ce mai kyau, amma ba ya kama ƙananan kurakurai na jefi-jefi.

Sai gwajin jini kafin sayen kowace kwalba. A nemi cikakken ƙidayar jini, feritin (ma'aunin ajiyar ayon, wato sinadarin ƙarfe, a jiki), B12, folet, bitamin D, bitamin E, jan ƙarfe, zink da B6. A haɗa da HbA1c na suga da TSH na maƙoƙo, domin ciwon suga shi ne kan gaba wajen kashe jijiyar ƙafa, kuma shi da ciwon maƙoƙo suna yawan tafiya tare da siliyak. In kina shan biyotin don gashi, ki dakatar kwana biyu zuwa uku kafin a ɗebi jini, yana rikita sakamakon maƙoƙo.

B12 na buƙatar bayani. Ƙasa da 200 pg/mL ƙaranci ne. Tsakanin 200 da 300 ba a yanke hukunci sai an ƙara gwajin MMA, wani sinadari da ke hauhawa a jini in B12 ya yi ƙaranci. Tunda kin yi wata shida kina shan haɗin B, lambar ki na iya fitowa sama ba tare da ta nuna gaskiyar abin da ya faru a baya ba, don haka ki faɗa wa likita abin da kike sha da tsawon lokacin. Idan aka tabbatar da ƙaranci kuma jijiya ta riga ta taɓu, allura ake farawa da ita, ba ƙwaya ba. Tsarin da ake bi a Ingila shi ne miligiram 1 a tsoka, yau a yi gobe a huta, har sai sauƙi ya daina ƙaruwa, sannan sau ɗaya duk wata biyu. Kuskuren da ke cutarwa shi ne a ba mutum folik asid shi kaɗai alhali B12 ɗinsa ƙasa yake: jini zai gyaru a takarda, jijiya kuma ta ci gaba da lalacewa ba wanda ya lura. Masu shan metformin na suga ko omeprazole na gyambon ciki na dogon lokaci su ma B12 ɗinsu kan sauka.

Mantuwa da kasala da ƙafar da ba ta iya zama wuri ɗaya da dare, sau da yawa ƙarancin ayon ne. Ƙwayar ferrous sulfate mai miligiram 200 tana da ayon miligiram 65. Ɗaya a rana, ko yau a sha gobe a huta, ta fi shiga jiki kuma ta fi sauƙi ga ciki a kan uku a rana. Kada a kora ta da shayi ko gahawa ko madara, a ba da tazarar awa biyu, in kuma ana shan maganin maƙoƙo, awa huɗu. Mai sikila ko talasimiya kada ya taɓa ta sai feritin ya nuna ƙaranci. Bitamin D kuwa, duk zafin ranar ƙasar nan ƙarancinsa ya yi yawa, saboda zaman cikin gida da na'urar sanyi, ga fatarmu baƙa ba ta saurin haɗa shi. In ya gaza 20 ng/mL, akan ba da 50,000 IU sau ɗaya a mako na mako takwas, sannan 1,000 zuwa 2,000 a rana. A mako na ce, Hajiya. Wanda ya mayar da mai 50,000 ta kullum zai iya tara kalsiyam a jini ya taɓa ƙoda. Bitamin E sai an ga ya yi ƙasa, kuma mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, ya nemi izinin likita.

Ƙwayoyin da ake tallatawa wai suna narkar da gulutin ba sa kare mai siliyak, kada ki ɓata riyal ɗinki.

Maganar tangaɗi ita ce ta fi tsaya mini a rai, don Allah kada ki jira sakamakon bitamin a kanta. Akwai yanayin da garkuwar jiki, saboda gulutin, take kai hari ga sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya mai daidaita tafiya. Likitocin Sheffield a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Marios Hadjivassiliou, su suka fi yin aiki a kansa tun shekarun 1990. Ƙwayoyin halittar wannan sashe in sun mutu ba sa dawowa, shi ya sa ake gaggawa. Ki nemi likitan hanjinki ya tura ki ga likitan jijiya, a duba tafiyarki, a yi awon jijiyoyin ƙafa da na'ura, in ya ga dama har da hoton MRI na kai. Awon jijiya na iya fitowa lafiya alhali kina jin zafi, domin ba ya ganin ƙananan jijiyoyin fata. Hakan ba ya nufin ƙarya kike yi. In kuma aka samu faɗuwa, ko harshe ya karye, ko gani ya rabu biyu, ko wani sashe na jiki ya saki farat ɗaya, wannan na sashen gaggawa ne a wannan sa'ar.

Game da lokaci, jijiya ba ta sauri. Bayan an cire sila akan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin a ji bambanci na gaske, hanjin babban mutum kuma yana iya kai shekara biyu bai gama warkewa ba. Kafin nan, in raɗaɗin na hana ki barci, akwai magunguna irin su amitriptyline da duloxetine da gabapentin da likita zai zaɓa miki. Suna rage zafi ne kawai. A maimaita gwajin duk abin da aka samu ƙasa bayan wata uku da fara magani. Ranar ganin likita ki zuba duk kwalaben da kike sha a leda ki tafi da su, har da na gargajiya da waɗanda aka aiko miki daga gida, tare da takardar gwajin farko da aka gano cutar da ita.