Zauren Tambayoyinku: Talla, Kwastoma da Rigimar Ciko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Watan jiya ban samu na amsa maku ba, ku yi haƙuri, injin buga bana na kamfaninmu na talla ne ya tsaya cak ana saura kwana tara sallah, ga aikin mutane jibge a ofis ga mai gyara sai an ɗauko shi daga Kano, to kun dai san sauran. Yanzu ya tashi alhamdulillahi. Kuma mun ƙara ɗaukar yarinya ɗaya mai sa murya, 'yar Daura ce, don masu kayan kicin da kayan yara sun daɗe suna ce mani muryar gardi ba ta saida masu kaya. Saƙonni sun taru, na tsinci waɗanda na ga amsarsu za ta amfani mutum fiye da ɗaya.

Tambaya: Malam don Allah ina da shagon atamfa da shadda a babbar kasuwa, na biya kuɗi masu kauri aka yi mani jingil aka ce za a riƙa sakawa a rediyo sati biyu kafin ƙaramar sallah, wallahi ko mutum ɗaya bai zo ya ce mani a rediyo ya ji ba, ni kaina sau biyu kawai na ji da kunnena. Cutata aka yi ko ko dama haka abin yake? Daga mai shagon yadi, Katsina.

Amsa: Alhaji Allah ya ba da kasuwa. Kafin mu ce an cuce ka akwai takardu biyu da ya kamata a ce suna hannunka. Ta farko jadawalin sakawa, rana kaza ƙarfe kaza sau kaza, ta biyu kuma shaidar da gidan rediyo ke bayarwa bayan an gama cewa lallai an saka. Je ka nema. Mai gaskiya zai miƙo maka su ko shayinka bai huce ba, in kuwa aka fara yi maka kwana-kwana ana gobe jibi to nan ne za ka fara zargi. Amma don sau biyu ka ji ba hujja ba ce, kana tsakar auna yadi da ciniki ina za ka ji duka.

Ni abin da na fi zargi lokaci ne. Sati biyu kafin sallah ai tela ya riga ya daina karɓar ɗinki, wa zai sayi shadda ya rasa mai ɗinka masa? Mai yadi tallarsa tun tsakiyar Sha'aban take farawa zuwa goman farko na azumi, goman ƙarshe kuwa na masu takalmi ne da hula da mayafi da turare da kayan yara na kanti. A cikin yinin ma akwai bambanci, dab da shan ruwa mata na kicin rediyo na gefe, haka bayan tafsiri, haka dab da labarai, shi ya sa kuɗin waɗannan lokutan ya fi na tsakar rana da kowa ke barci. In an yi maka araha sosai to ka duba jadawalin nan da kyau, araha dai ba ta ado.

Sai shi kansa jingil ɗin, kuma nan laifin naku ne masu kaya, ku yi haƙuri. Minti ɗaya aka saya amma sai mutum ya ce a yi masa kirari, a faɗi sunan mahaifinsa, a jero kaya kala goma sha biyar, a ƙare da lambar waya uku ana karantowa kamar ana tsere. Wanda ke cikin keke napep a Ƙofar Ƙaura ina ya ga biro? Lamba ɗaya ta isa, a faɗe ta sau biyu a tsanake, sai kwatance irin wanda za ka yi wa baƙo, layin kaza, daura da masallaci. Kuma ba wanda zai shigo shago ya ce maka daga rediyo nake sai in an ba shi dalili. Gaba ka sa a faɗa cewa duk wanda ya ambaci rediyo za a yi masa ragi, ka aje littafi yaronka ya riƙa rubutawa, a nan ne za ka san ko kuɗinka ya yi aiki.

Tambaya: Yaya, na gama karatun aikin jarida, na iya dizain a kwamfuta, ina so in buɗe ɗan kamfanin talla ni da abokina, da me zan fara? Kuma an ce lokacin siyasa ne ake samun kuɗi. Daga wani ƙanenka, Ƙofar Marusa.

Amsa: Ƙanena sannu da ƙoƙari. Fara da rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ka iya buɗe asusun banki da sunan kamfani, makaranta ko ma'aikata ba za ta tura maka kuɗi a asusunka na kanka ba. Sannan ka san cewa sana'ar nan tana da hukuma, a da APCON ce tun 1988, a 2022 aka yi sabuwar doka ta koma ARCON, ita ke rajistar masu sana'ar kuma a ƙa'ida ita ke tantance talla kafin ta fita. Ita ce ma ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasar waje a talla daga 1 ga Oktoba 2022, wanda mu nan bai dame mu ba tunda dama muryar Bakatsine muke sawa. Kai da abokinka kuma ku rubuta wa ya kawo nawa, wa ke da kwamfuta, ya za a raba, tun yanzu da kuke dariya da juna.

Kar ka sayi injin bugu yanzu. Yi dizain ka kai wa masu inji su buga ka ɗora ribarka. Robar bana da tawada duk daga waje suke zuwa, dala na motsawa suna motsawa, mun gani a 2023 da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira, farashin da muka ba mutum ran Litinin kafin Juma'a ya zama asara, ga janareto na shan nasa. Tun daga lokacin duk takardar farashin da za ta fita daga ofis ɗinmu muna rubuta kwana nawa za ta yi aiki.

Batun siyasa kuma, hmm. Eh ana samu, dokar zaɓe ta 2022 ta ba da kwana 150 na kamfe, a cikin watannin nan inji baya hutawa, fosta, bana, sitika, riga, hula. Amma bari in ba ka labarin kaina. Zaɓen 2023 wani ɗan takara ya aiko yaransa aka ba ni kafin alƙalami ɗan kaɗan aka ce ciko in oga ya dawo daga Abuja, ni kuma kunya da kwaɗayin babban aiki suka sa na ci bashin kaya na buga, muka kwana uku ba barci. Aka yi zaɓe ya faɗi. Wayar da ake kirana da ita sau goma a rana ta koma a kashe, na je gidan aka ce ya yi tafiya, har yau ɗin nan cikon na nan, ni na biya mai kaya daga aljihuna a hankali a hankali. Wanda ya ci ma ba ka tsira ba, shi kuma ganinsa ne zai gagare ka. Saboda haka aikin siyasa kuɗi a hannu duka kafin inji ya tashi, ko ɗan uwanka ne. Sauran kwastomomi kuma su ba da abin da zai sayi kayan aiki gaba ɗaya, ciko ranar ɗauka kafin kaya su bar ƙofa. Kuma masu riƙe kamfani a gaskiya ba 'yan siyasa ba ne, mai makarantar da zai dawo duk watan Satumba ne, da mai gidan biredi, da mai ruwan leda, da mai shagon waya, kuɗinsu kaɗan ne amma ba sa yankewa.

Tambaya: Na kawo maku tallar maganina na gargajiya kuka ƙi karɓa, alhali gadonsa na yi kuma mutane na shan shi suna samun sauƙi. Ko don ba na Bature ba ne? Daga mai magani, Mashi.

Amsa: Baba wallahi ba raini ba ne, mu ma da sassaƙe da jiƙo aka raine mu. Abin da ke cikin takardar da ka kawo ne matsala, an rubuta yana warkar da ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda da rashin haihuwa duk kwalba ɗaya. Tallar magani sai da lambar NAFDAC da kuma izininta na yin tallar kanta, kuma ko da lambar ba a yarda a ce yana warkar da irin waɗannan cututtukan ba, gidan rediyon da ya saka ma zai iya shiga matsala da NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin. Ban da doka ma, akwai mai suga da zai ji muryarmu ya aje maganin asibiti, in ya faɗi da wa za a yi kuka? Ka nemi rajista, ka rage maganar zuwa abin da maganin ke yi da gaske, ka dawo mu zauna.

Tambaya: Ina saida turaren wuta da humra daga gida, rediyo ya fi ko Facebook? Wata mai mabiya da yawa a TikTok ta ce in ba ta kuɗi da kaya ta tallata mani. Daga 'yar uwarku, Daura.

Amsa: Hajiya ke kam waya ta fi maki, don kayanki sai an ga kwalba an ga hayaƙi na tashi, kuma masu saye mata ne da za su yi maki magana ta WhatsApp su turo kuɗi a sa a mota. Amma kar ki danna bustin, wato biyan Facebook ya yaɗa maki tallar, haka kawai. Ki zaɓi mata, ki zaɓi garuruwan da motar tasha ke kai kaya cikin yini ɗaya, Daura, Katsina, Kazaure, Kano, in kina da mai tsallaka maki ta Kongolam ki haɗa da Damagaram. In kika bar shi a buɗe kuɗinki zai ƙare a kan samarin Legas masu danna layik. Ki kuma sa a lissafi cewa tun Janairun 2022 Facebook na ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin talla. Fara da kaɗan na kwana biyar, hoto biyu daban, wanda ya fi kawo masu tambayar farashi ki ƙara masa.

Ita kuma mai TikTok, yawan mabiya ba shi ne ciniki ba, wasu rabin mabiyansu maza ne 'yan kallo. Ki shiga ki karanta masu sharhi a tallar da ta yi wa wasu, in kin ga mata na tambayar nawa ne, ina shagon yake, to da alama. Ku yi magana a rubuce, bidiyo nawa, wace rana, kwana nawa zai zauna kafin ta goge, rabin kuɗi yanzu rabi in ta saka.

Tambaya: Mun yi bikin yaye ɗalibai a makarantarmu, muka gayyaci 'yan jarida ta hannun wani kamfanin talla, muka ba da kuɗin mota, amma a labarai ko sunanmu ba a ambata ba. Wannan ba cin amana ba ne? Daga shugaban wata makaranta, Katsina.

Amsa: Malam a nan akwai abin da kamfanin ya kamata ya faɗa maka tun farko bai faɗa ba. Labari daban talla daban. Mu muna iya rubuta takardar sanarwa, mu gayyato wakilai, mu tura hotuna, amma edita ne ke yanke abin da zai shiga labarai, kuma ranar da wani babban abu ya faru a jiha to bikinku ne zai fara faɗuwa. Kuɗin mota bai sayi gurbi ba. In kana son tabbas sai ka sayi fili, a yi maka rahoto na musamman a faɗa a fili cewa makaranta kaza ce ta ɗauki nauyi, wannan yana da farashi da rasit da lokaci. Duk wanda ya ce maka ba ni kaza in sa ka a labarai, alƙawarin abin da ba nasa ba yake yi.

In kuma labarin kake so na gaske to ka ba su abin da ya isa labari. Yaye ɗalibai kowace makaranta na yi a wata ɗaya. Amma a ce a cikin ɗaliban akwai marayu da makaranta ta ɗauke wa kuɗi tun daga aji ɗaya, ko yarinyar da ta haddace Alƙur'ani ta kuma yi fice a lissafi, wannan wakili da kansa zai nemi lambarka.

Tambaya: An buga mani banar walima aka yi kuskure a sunan amarya, mai bugu ya ce sai na sake biya. Wa ke da laifi? Daga wani ango, Dutsin-ma.

Amsa: Ango Allah ya sa albarka. In ya turo maka dizain a waya ka duba ka ce a buga, to naka ne, sai dai ya yi maka ragi don zumunci. In bai turo ba ko kuma abin da ka amince da shi daban abin da ya fito daban, shi zai sake bugawa da kuɗinsa. Duba hirarku ta WhatsApp, amsar na nan a ciki. Kuma ka yi sauri kafin dangin amarya su gani.