Kada ka ajiye aikin albashi tukuna

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ka ajiye aikin albashi ka dogara da rubutun da kake yi wa mutane. Kada ka ajiye tukuna. Bari sai kuɗin rubutu ya riƙe cefane da haya wata 6 a jere, daga hannun mutum 3 aƙalla.

Dalili kuwa, mai ba ka aiki yana iya dainawa ba sallama, wani ya riƙe kuɗinka wata 2 bayan ka miƙa. Saboda haka riƙa karɓar rabi kafin alƙalami, ku rubuta yawan kalmomi, ranar miƙawa, da cewa gyara sau 2 ne kawai, ko da a WhatsApp ne. In ba haka ba, gyara ba ya ƙarewa, kuma kyauta za ka yi shi.