Gidan tarihin jiragen yaƙi: na wa ne, wa ke juya shi?

Saƙonnin da suka iso mana a wannan karo da yawansu kan abu ɗaya suka faɗa, wato gidajen da ake adana tsofaffin jiragen sojin sama. Mun haɗa masu kama da juna, muka kuma gajarta wasu.

Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun karanta cewa tun zamanin Turawa jirgin sama ya sauka a Kano, sai suka ce me ya sa ba a yi gidan tarihin jirage a garin ba. Ni kuma abin da ya ɗaure min kai shi ne, in an yi, a hannun wa zai kasance? Sojoji, ko hukumar da ke riƙe da Gidan Makama?
*Malamar firamare, Gwammaja*

Wa alaikumus salam Malama. Yaranki sun yi gaskiya. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 samfurin DH.9A na sojin saman Birtaniya, waɗanda suka taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a filin wasan dawakai na Kano. A lokacin yaƙin duniya na biyu kuma Kano ta zama zango ga jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ana tuƙa su zuwa Masar.

Game da mallaka, hanyoyi uku aka fi bi a duniya. Akwai inda rundunar kanta ke riƙe da gidan kacokan, kamar na sojin saman Amurka da ke sansanin Wright-Patterson kusa da Dayton a jihar Ohayo, wanda tushensa ya faro tun 1923, yana kuma ɗauke da jirage da makamai masu linzami fiye da 350. Jiragen na runduna ne, ma'aikatan ma ita ke biyan su. Na Afirka ta Kudu da aka kafa a 1973, wanda ke sansanin Swartkop, shi ma na runduna ne. Akwai kuma inda aka ɗan janye gidan daga jikin runduna. Na sojin saman Birtaniya da aka buɗe a unguwar Hendon ta Landan a 1972 hukuma ce mai zaman kanta da aka yi wa rajista a matsayin ƙungiyar amfanin jama'a, ma'aikatar tsaro na ba ta kuɗi duk shekara, amma kwamitin amintattu ne ke sa mata ido. Ta uku ita ce irin wadda muka saba da ita a nan: gidan tarihin yaƙi na Umuahiya, wanda aka kafa a 1985, yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ita ce dai mai riƙe da Gidan Makama, kuma akwai jiragen yaƙin basasa a harabarsa.

In ra'ayinmu kike nema, ta biyun ta fi dacewa da Kano. Gidan da ke cikin bariki yana samun tsaro da makanikai, amma kai 'yan aji huɗu can sai an yi takarda an jira amsa. Gidan da babu ruwan sojoji da shi kuwa, ba shi da hanyar samun jirage, domin duk jirgin da ya gama aiki yana cikin kundin kayan runduna har sai ta sa hannu ta sake shi.

Na yi shekaru ina gyaran jirage a rundunar sojin sama kafin na yi ritaya. An ce min a wasu ƙasashe farar hula ne ke shugabantar irin wannan gida. Ta yaya wanda bai taɓa kwance injin ba zai shugabanci jirage?
*Tsohon soja, Birget*

Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Ba wai an raina sanin soja ba ne. Matsalar canjin wurin aiki ce, wadda kai ka fi mu saninta. Hafsa yakan yi shekara biyu ko uku a kujera sai takarda ta zo. Gyaran jirgi guda ɗaya kuwa yana iya cin shekara goma. In kowane sabon kwamanda ya zo da nasa son zuciya, wannan ya ce a yi wa jirgin fentin da ake yayi yanzu, wancan ya ce a ɗauke shi a kafa a bakin ƙofar bariki don ado, to bayan shugabanni huɗu ba wanda zai iya faɗin asalin launin jirgin, balle lambarsa. Shi ya sa a Dayton kujerar darakta ta farar hula ce, ko da yake tsofaffin hafsoshi da suka ajiye kaki sun sha hawanta. Abin da ake nema mutum ne da zai zauna ya daɗe.

Ga yadda ake raba aikin a gidan da ya tsaru. A sama akwai kwamitin amintattu, mutum 9 zuwa 15 sun isa. Su ke naɗa darakta, su amince da kasafin shekara, su duba rahoton masu binciken kuɗi, su kuma zartar da takardar da ta fayyace abin da gidan zai tara da abin da ba zai karɓa ba. Sau huɗu a shekara suke zama, kowa da wa'adin shekara uku ko huɗu da za a iya sabuntawa sau ɗaya, kuma ana jera wa'adin ta yadda ba za su sauka gaba ɗaya ba. Kwamitin da duk janarori ne ba ya aiki, haka wanda duk 'yan siyasa ne. Ana so a samu wakilin Babban Hafsan Sojin Sama, da akanta, da lauya, da masanin tarihi, da malamin makaranta, da ɗan kasuwar da ya san yadda ake nemo kuɗi. A Kano za mu ƙara da wakilin masarauta, don maganar fili da yardar mutanen gari.

Darakta shi ke tafiyar da harkar yau da kullum, ba ya jiran kwamiti kafin ya sayi fenti. Ƙarƙashinsa akwai mai kula da kayan tarihi, wanda ke bincike yana rubuta bayanin da baƙo zai karanta. Da mai rajista, wanda kowane abu sai ya ba shi lamba ya rubuta inda ya fito da inda yake ajiye. Da mai kula da ziyarar makarantu. Sai shugaban sashen gyara. Wannan ta ƙarshe, Baba, kujerar irinku ce, kuma ba a ba wa wanda bai san warin man jirgi ba. Sai dai akwai bambanci ɗaya da aikin bariki. A can in ƙarfe ya tsufa cire shi ake yi a sa sabo. A nan tsohon ƙarfen shi ne dukiyar, don haka mai gyara ba ya canza ko da kusa ɗaya sai mai kula da kayan tarihi ya yarda an kuma rubuta. Rigimar da ta fi tashi a irin waɗannan gidaje tsakanin mutanen nan biyu take, kuma raba ta na daga cikin manyan ayyukan darakta.

Inda abin ke lalacewa biyu ne: shugaban kwamiti ya riƙa ba ƙananan ma'aikata umarni ta bayan darakta, ko kuma darakta ya mai da kwamiti 'yan amshin shata, yana kawo musu takardu a ranar zama. Maganin na biyun mai sauƙi ne, a rubuta cewa takardu su isa hannun kowa kwana bakwai kafin zama.

In na ba da gudummawar kuɗi, wane tabbaci nake da shi cewa a kan jiragen za a kashe?
*Ɗan kasuwa, Kantin Kwari*

Alhaji, tambayarka na kan hanya. A tsarinmu, kuɗin shigar da hukumar gwamnatin tarayya ta karɓa asusun bai-ɗaya yake wucewa, ba ya zama a aljihun gidan. Don haka ake kafa gidauniya a gefe, mai rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, da asusunta daban da mai bincikenta daban. Gidan Dayton yana da irinta tun 1960, kuma ita ce ta tara fiye da dala miliyan 40 da aka gina babbar rumfa ta huɗu da aka buɗe a 2016, alhali shiga gidan kyauta ne. Amma gidauniyar ba ta mallaki jirage ba, ba ta kuma zaɓen abin da za a baje.

Kafin ka sa hannu a aljihu ka nemi ganin rahoton binciken kuɗi na bara, ka tabbatar mutum biyu ke sa hannu a cek, sannan a rubuta maka takarda cewa kuɗinka na aiki kaza ne. Wata shawara kuma: masu bayarwa sun fi son gini saboda ana manna suna a jikinsa, alhali abin da ke kashe gida rashin kuɗin wuta da gyaran rufi da albashin masu gadi ne.

Sana'ata sayen tsofaffin ƙarafa. Shin darakta na da ikon yin gwanjon jirgin da ya ruɓe?
*Ɗan gwangwan, Ƙofar Ruwa*

Shi kaɗai, a'a. Sai mai kula da kayan tarihi ya rubuta dalili, kwamiti ya zauna ya amince, a fara tayin jirgin ga wasu gidajen tarihi, in babu mai so sannan a yi maganar sayarwa. Ƙa'idar ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ita ce kuɗin ya koma kan kula da sauran kayan. In kuwa jirgin aro ne daga runduna, kwamitin ma ba shi da ta cewa. Akwai misali sananne: jirgin B-17 mai suna Memphis Belle ya shafe shekaru a waje a birnin Memfis na Amurka, rana da ruwa na dukansa, masu hannu na ɗebe kayan cikinsa. Da yake na sojin saman Amurka ne, sai suka ɗauke abinsu a 2005, ba a sake baje shi ba sai 2018 bayan an gama gyara. Saboda haka Malam, duk wanda ya kawo maka fiffike ko ƙafar jirgi babu takardar hukuma, ka bar masa kayansa.

Ina karatun injiniya. Mene ne ake yi wa jirgin yaƙi kafin a bar jama'a su matso kusa da shi, kuma wa ke da alhakin in wani abu ya faru?
*Ɗalibi, Jami'ar Bayero*

Alhakin na darakta ne, shi ya sa darakta mai hankali ba ya karɓar jirgi sai da takardar shaidar an kwance masa haɗari, da sa hannun jami'in makamai na runduna. Abu na farko da ake cirewa shi ne albarushin kujerar da ke cilla matuƙi waje, domin jirage irin su MiG-21 da L-39 da Alpha Jet duk suna da ita, kuma tsufa ba ya kashe ta. Sai a cire bindiga ko a toshe ta, a tsiyaye mai daga kowane tanki a bar shi ya sha iska, a sauke matsin man birki da na tulunan iskar shaƙa, a cire batir. Agogunan gaban matuƙi na jiragen da suka tsufa sosai ana auna su, saboda fentin da ke sa su haske da dare yana iya ƙunsar radiyam, kuma in gilashin ya fashe ƙurarsa guba ce. Ana kuma karɓar kundin tarihin jirgin tare da shi. In babu kundin, ba za a iya tabbatar da inda ya yi aiki ba.

Bayan nan sai yaƙi da yanayi. A Kano rana ce babbar abokiyar gaba: tana ƙona fenti, ta sa murfin gilashin matuƙi ya yi dishi-dishi ya tsattsage, ta busar da roba. Ƙurar hunturu na shiga kowace kafa ta kwanta, damina ta zo ta jiƙa ta, sai alminiyum ya fara fitar da farin gari daga ciki inda ido ba ya gani. Kashin tsuntsaye ma yana cin ƙarfe. Don haka ake toshe bakin injin da bayansa, a sa raga a ƙananan kafofi, a buɗe ramukan da ruwa ke tsiyaya, a ɗora jirgin kan matokaran ƙarfe don tayoyi su huta. A cikin rumfa ana ƙoƙarin kada danshin iska ya wuce kashi 60 cikin 100. Kuskuren da aka fi yi shi ne wanki da ruwa mai ƙarfi kafin zuwan babban baƙo, a watsa sabon fenti a kan tsatsa. Jirage 5 a ƙarƙashin rufi sun fi 20 a fili, kuma wannan hukunci ne da kwamiti zai yanke tun kafin a ce a kawo jirgi na shida.

Jiragen gidan tarihi suna tashi kuwa?
*Mai karatu, Fagge*

Ya danganta da tsarin gida. Na Dayton da na Hendon ba sa tayar da nasu. Tsofaffin jiragen da ake gani a samaniyar Landan ranar bukukuwa na wani rukuni ne daban na sojin saman Birtaniya da ke sansanin Coningsby, mai nasa matuƙa da nasa kasafi. Na Swartkop kuwa yakan tayar da wasu daga cikin nasa. Jirgin da zai tashi dole a riƙa canza masa kaya bisa ƙa'idar tsaro, a biya inshora, a kuma yarda cewa wata rana zai iya faɗuwa. In samfurin guda ɗaya tak ya rage a ƙasar, kamar yadda zai iya kasancewa da wasu jiragen da rundunarmu ta yi aiki da su tun bayan kafa ta a 1964, shawararmu ga kowane kwamiti ita ce ya bar shi a ƙasa.