Gero da wake a gona ɗaya: tsohon yayi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Tsafe. Bana Baba ya bar mini gonarsa ta jigawa. Shi kullum gero da dawa da wake yake haɗawa, ni kuwa masara zalla nake son zubawa kamar abokaina. Ya ce har yanzu ban san noma ba. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, Baba ya fi ka gaskiya, sai dai akwai gyara a tsarinsa.

Masara akwai cin taki, kuma a jigawa in ruwa ya ɗauke mako biyu tana goyo, ka shiga uku. Gero kuwa cikin wata uku ya nuna, an yanke an sa a rumbu tun dawa ba ta bushe ba. Da an ɗauke shi, wake ya samu rana ya bazu. In ɗaya ya ƙi, wani zai ba ka abin kai gida, ga harawar tumaki har bazara.

Tuge waken da ya fara fure ka duba saiwarsa. Za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle kamar tsaba. Fasa ɗaya da farce, in cikinsa ja-ja ne, yana aiki. A nan ake kama sinadarin naitirojin daga iska, wanda kake saye da tsada a buhun yuriya. Amma kada a ruɗe ka: yawancin amfanin sai shukar baɗi za ta ci, don haka geron bana yana buƙatar takinsa.

Matsalar tsarin iyayenmu inuwa ce. Ana tsarma wake jefi-jefi ƙarƙashin doguwar dawa, sai ya yi ta yaɗo babu 'ya'ya. Masu bincike na cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Kano da na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya sun gwada layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, suka ga wake ya fi haihuwa. Feshin maganin ƙwari ma ya fi sauƙi, domin za ka bi layin wake kai tsaye lokacin fure da lokacin ɗaura 'ya'ya. Takin sufa ya fi yi wa wake amfani, yuriya ka bar wa hatsi. Baɗi sai ka juya: inda wake ya zauna, gero ya koma.

In gonar tana da wuta-wuta, sa waken suya a wasu layukan. Saiwarsa tana tsirar da irin ciyawar, ta rasa abin kamawa ta mutu, amma sai an jure shekaru ana yi.

Kada ka kuskura ka fesa atrazin, maganin ciyawar da abokanka ke sa wa masara, domin yana kashe wake. In kuma ranka na kan masarar, ware mata gefen da ya fi laka, inda Baba ke zuba takin gida.