An turo min bidiyon da aka kayar da Mayweather, gaskiya ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A zaurenmu na WhatsApp wani ya turo bidiyo wai an yi wa ɗan damben zamani Floyd Mayweather kisa a turmi na biyu. Muna ta musu. Ta yaya zan gane gaskiya da wayata? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kar ka fara da bidiyon, fara da tarihin mutumin. Shiga shafin BoxRec, inda ake ajiye sakamakon damben zamani, ka rubuta sunansa. Mayweather haifaffen Grand Rapids ne a jihar Michigan ta Amurka, kuma daga 1996 zuwa karawarsa da Conor McGregor a 2017 ya yi wasa 50, ya ci duka 50. Wasannin nishaɗi da ya yi daga baya, irin na Logan Paul a 2021, ba sa shiga lissafin.

Sannan ka tsayar da bidiyon, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka sa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito. Sau da yawa sai ka tarar daga wasan kwamfuta aka yanko shi, ko ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa. Kula da safar hannu da rubutun da ke jikin wando, a nan aikin jabu ya fi tonuwa. Abin da ya fi damuna shi ne mahaɗar da ake liƙawa ƙarƙashin irin waɗannan bidiyoyi, wai ka latsa ka kalli cikakken wasa. In ta nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta tes, fita nan take.

Tambaya: Ina son tsofaffin wasanni amma data tana ƙarewa.

Amsa: A YouTube, latsa alamar saiti ka mayar da ingancin hoto 360p. Karawar Joe Louis na Detroit da Max Schmeling a 1938 baƙi da fari ce, ƙara ingancin ba zai ƙara maka komai ba, kuma a turmin farko ta ƙare. Tunda muna kan 'yan jihar Michigan, inda Detroit da Flint suke, nemi wasan Thomas Hearns na Detroit da Marvin Hagler na 1985, turmi uku kacal amma ba numfashi. Ka kuma kalli Claressa Shields 'yar garin Flint, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta 2012 da ta 2016. Kashe Autoplay, wato saitin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, kafin ka fara, shi ke shanye data bayan wasan ya ƙare.