Me ya sa marubutan juyin juya halin Rasha suka mayar da mutum ƙarfe?

Tambaya: Malam, ina karatun adabi a jami'a, kuma na lura marubutan Rasha na zamanin juyin juya halin 1917 suna yawan siffanta jikin ɗan Adam da ƙarfe da inji. Shin adon magana ne kawai, ko da gaske suke? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, wasunsu da gaske suke. A wancan lokaci mafi yawan mutanen Rasha manoma ne, kuma yaƙin duniya na farko da yaƙin basasa sun durƙusar da masana'antun ƙasar, don haka aka ɗora wa inji dogon buri.

Wanda ya fi zurfafawa shi ne Aleksei Gastev, ma'aikacin masana'antar ƙarfe da ya wallafa kundin waƙoƙinsa a 1918. A ɗaya daga cikin waƙoƙin, ma'aikaci na jin jinin ƙarfe yana kwarara a jijiyoyinsa, kafaɗunsa suna miƙewa har ya haɗe da ginin masana'antar. Da a nan Gastev ya tsaya, da sai mu ce azancin mawaƙi ne. Amma a 1920 ya kafa cibiyar nazarin ƙwadago a Mosko, inda ake ɗaura wa ma'aikaci 'yan fitilu a hannu, a ɗauki hotonsa yana buga guduma, domin a gano motsin da ba shi da amfani a kawar da shi. Har ma ya hango ranar da za a riƙa kiran ma'aikata da lamba maimakon suna.

Yevgeny Zamyatin ya mayar da martani, kuma a ganina martanin ya yi nauyi ne saboda shi injiniyan jiragen ruwa ne wanda ya yi aiki a Newcastle ta Ingila, ya san inji ciki da bai. A littafinsa mai suna "Mu", wanda ya kammala a 1921, jarumin littafin ba shi da suna sai lamba, D-503, mutane suna zaune a gidajen gilas, suna tauna abinci bisa ƙidaya, daga ƙarshe hukuma ta yi musu tiyatar cire tunanin ƙirƙira daga ƙwaƙwalwa.

Zamyatin ya rasu a Faris a 1937, littafin kuma bai fito a Tarayyar Sobiyet ba sai 1988. Gastev kuwa, gwamnatin Stalin ta kama shi a 1938, aka harbe shi a 1939.